Labarin Lars Grael, Matuƙin Da Ya Rasa Ƙafa A Wurin Tseren Jirage

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa 'yan Adam teku suna fatauci a kanta, ya kuma sanya waɗansunsu suka zama sanadin rufin asirin waɗansu. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan labarin wani mutumin ƙasar Birazil ne, sunansa Lars Grael, wanda farfelar jirgi ta guntule masa ƙafar dama a wurin tseren jirage cikin shekarar 1998, sa'an nan bayan shekara 17 ya zama zakaran duniya a wannan sana'a da ƙafa ɗaya. Abin da ya sa labarin ya cancanci malamai da fatake su ji shi, shi ne irin taimakon da jama'arsa suka yi masa. Gama bayan sun tsamo shi daga bakin mutuwa, sun yi masa abin da ba kasafai akan yi wa wanda ya naƙasa ba, watau suka ci gaba da bukatarsa.

GIDAN DA YA FITO

Birazil babbar ƙasa ce a Amurka ta Kudu, tana can ƙetaren tekun Atlantika daura da gaɓar Afirka, mutanenta kuwa harshen Fotugal suke yi. A bakin tekunta akwai birnin Riyo de Janero, kuma a ɗaya gefen wani babban lungun teku da ake kira Guanabara akwai birnin Niteroi. Gada mai tsawon wajen mil 8 ta haɗa biranen nan biyu tun shekarar 1974. A Niteroi ne zuriyar su Lars ta shahara da sha'anin jirage.

Kakansa na wajen uwa, Preben Schmidt, mutumin Danmak ne, ya yi ƙaura zuwa Birazil ya zauna, ya tashi iyalinsa a kan tuƙin jirgin iska. Kawunnan Lars biyu, tagwaye, Axel da Erik, sun ci gasar duniya ta wani ƙaramin jirgi da ake kira Snipe har sau uku a jere, cikin 1961 da 1963 da 1965. Barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. An haifi Lars a birnin Sao Paulo cikin 1964, kuma yana ɗan shekara 19, watau cikin 1983, shi da wansa Torben suka ci wannan gasa ta Snipe a ƙasar Fotugal.

Daga nan sai wasannin Olamfik, watau babban taron nan da ƙasashen duniya ke yi shekara huɗu huɗu, kowace ta turo gwanayenta. Lars ya halarce su sau huɗu a jere, daga 1984 zuwa 1996, ya kuma samo lambar tagulla, wadda akan ba na uku, har sau biyu: ta fari a Koriya ta Kudu cikin 1988, ta biyu a Amurka cikin 1996. Wansa Torben ma ya tara lambobi biyar tsakanin 1984 da 2004, biyu daga ciki na zinariya ne. To, da shekarar 1998 ta kama, Lars yana da shekara 34, ƙarfinsa da gwanintarsa sun kai matuƙa, yana shirin wasannin da za a yi a birnin Sidni na Ostareliya cikin 2000.

YADDA AKE WANNAN TSERE

Mai karatun da ya taɓa kallon tseren kwale-kwale a bikin kamun kifi na Argungu ya san tseren da ƙarfin damtse ke ci. Wannan tsere dabam yake. Jirgin ba shi da inji, ba a kuma tuƙa shi da hannu. Doguwar sanda ce a tsaye tsakiyarsa, an ɗaura mata manyan ƙyallaye, iska ta buge su ta kora jirgin. Aikin matuƙi shi ne ya karanci iska da igiyar ruwa, ya san lokacin da zai ja igiyar ƙyalle da lokacin da zai sassauta ta, hannunsa ɗaya kuwa yana bisa akalar da ke juya jirgin.

Jirgin iska ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. In wurin da ake nufi yana ta inda iska ke fitowa, tilas a tafi a karkace, a yi dama a yi hagu, kamar yadda jaki mai kaya ke hawan tudu. Duk sa'ad da aka juya kuwa, ƙyalle yakan koma ɗaya gefen, mutanen da ke ciki su ma sai su tsallaka maza su zauna a gefen da iska ke bugowa, domin nauyinsu ya hana jirgin kifewa. A tsere guda ana iya yin wannan juyi sau da yawa ƙwarai, wanda ya yi nawa kuwa an bar shi a baya.

Irin jirgin da Lars ya shahara da shi ana kiransa Tornado. Kamar siraran kwale-kwale biyu ne aka jera, aka ɗaure shimfiɗa tsakaninsu. Tsawonsa ƙafa 20, faɗinsa ƙafa 10, mutum biyu ke hawansa. In iska ta yi ƙarfi, ɗaya gefen yakan ɗaga sama ya bar ruwa, ɗayan mutanen ya rataya da igiya a ƙugunsa, ya toka tafin ƙafafunsa a bakin jirgi, jikinsa duka a waje bisa teku. Shi ma matuƙin, kowane juyi sai ya ƙetare faɗin nan na ƙafa 10 cikin ƙiftawar ido. Ashe ke nan, ga mai wannan sana'a ƙafa ita ce jari.

Akwai kuma wata doka da ya kamata a sani tukuna. A cikin dokokin kiyaye karo a teku, waɗanda ƙasashen duniya suka amince da su cikin 1972, galibi jirgi mai inji shi ke ba jirgin iska hanya. Dalilin a fili yake: mai inji yana iya tsayawa ko ya kauce sa'ad da ya so, na iska kuwa sai yadda iska ta yi da shi.

RANAR TSAUTSAYI

Vitoria ita ce babban birnin jihar Espirito Santo, tana bakin teku, fiye da mil 300 daga Riyo ta hanyar mota, kuma babbar tasha ce ta fitar da tama da kofi. Ran Lahadi, 6 ga watan Satumba, 1998, wanda ya zo cikin Jimada Lawwal, shekara ta 1419 daga Hijira, aka taru a can domin tseren jirage. Lars da abokin tuƙinsa suna cikin jirginsu a filin tsere, sai wani jirgin shaƙatawa mai inji ya kutso cikin filin a guje, ya haye su. Lars ya faɗa ruwa, farfelar jirgin ta sare masa ƙafar dama can sama da gwiwa.

Ka sani, ya kai mai karatu, jinin da ke jikin babban mutum bai wuce wajen lita 5 ba, watau galan ɗaya da 'yan kai. A cikin cinya kuma akwai wata babbar jijiya mai kaurin kusan ƙaramin yatsa, wadda ke kai jini ƙafa daga zuciya. In aka yanke ta, mutum yana iya zubar da abin da zai kashe shi cikin 'yan mintoci kaɗan. Ga shi kuwa a tsakiyar ruwa ne, inda wanda ya suma yake nutsewa. A irin wannan hali babu likita kusa, babu dangi, ran mutum yana hannun Allah, sanadinsa kuwa yana hannun duk wanda ya fi kusa da shi. Waɗanda ke wurin ba su tsaya kallo ba. Aka tsamo shi daga ruwa, aka ruga da shi gaci, daga nan sai asibiti. Likitocin Vitoria suka yi ta fama har ransa ya tsaya, daga baya aka ɗauke shi zuwa wani babban asibiti a Sao Paulo. Ƙafa dai ta tafi. Maganar matuƙin jirgin da ya yi ɓarnar kuwa ta tafi gaban alƙalan ƙasar.

Akwai fa'ida a nan ga matafiya, ko a ruwa ko a mota. In gaɓa ta yanke jini yana tsartuwa, abin yi shi ne a danne wurin da ƙarfi. In bai tsaya ba, a sami ƙyalle mai faɗi, ko rawani ne, a ɗaura shi sama da raunin, a zura sanda a murɗa har jinin ya ɗauke, a riƙe lokacin da aka ɗaura domin a gaya wa likita, kana a gaggauta zuwa asibiti. Wanda ya zubar da jini mai yawa kuma sai an ƙara masa na wani, jinin ɗan Adam kuwa babu masana'antar da ke yinsa, sai dai wani mai lafiya ya miƙa hannunsa a ɗiba.

Malaman Malikiyya ba su ɗauki irin wannan agaji a kan kyauta wadda mutum zai yi in ya ga dama ba. Shaihu Halilu ya kawo mas'alar a cikin Muhtasar, a babin yanka, inda ya nuna cewa wanda ya sami ikon kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka ya ƙi, akwai lamuni a kansa. Har ya ambaci mai zaren da ake bukata domin ɗinke rauni mai zurfi, in ya hana, da mai rarar abinci ko abin sha in ya hana wanda ya matsu. Saboda haka mutanen da suka tsamo Lars daga ruwa, a ma'aunin fiƙihu, wajibi suka sauke. Wannan shi ne taimako na fari, kuma duk da girmansa shi ne mafi sauƙi, domin zuciya da kanta takan zabura in ta ga jini.

BAYAN AN SALLAMI MAJINYACI

Wahalar da ta fi tsawo tana farawa ne ran da rauni ya rufe. Wanda aka yanke wa ƙafa yakan daɗe yana jin kamar tana nan, ya ji ƙaiƙayi ko zogi a yatsun da babu su, har ya kai hannu zai sosa ya tarar da tabarma. Likitoci sun san wannan abu tun da daɗewa, dalilinsa kuwa shi ne jijiyoyin da ke dungun da kuma ƙwaƙwalwa ba su daina lissafi da gaɓar ba. Sa'an nan sai ya sake koyon tsayuwa da tafiya kamar yaro, ya koyi hawan matakala da shiga makewayi. In yankan ya yi sama da gwiwa, ƙafar roba takan yi wuyar sarrafawa, tafiya da ita kuma tana cin ƙarfi ƙwarai. Shi Lars yawanci da sanduna biyu ake ganinsa.

Kowa ya san yadda dubiya take. Kwanakin fari ɗaki cike, takalma jibge a ƙofa, kowa na sannu. Bayan wata biyu sai ƙafa ta ɗauke, a bar mutum da bango. Abokan cinikinsa sun sami wani, wurin zamansa a rumfa wani ya gaje shi, in an tuna da shi sai a aiko da sadaka. Shari'a ta ƙimanta ƙafa ɗaya da rabin diyya, watau raƙuma 50 cikin 100, amma mutane sukan yi wa wanda ya rasa ta lissafin wanda ya tafi gaba ɗaya.

Malamai sun san labarin Urwatu ɗan Zubairu, Allah ya yi masa rahama, ɗan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, ɗaya daga cikin fuƙaha'u bakwai na Madina. Ya tafi Sham wurin Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, sai ciwo mai cin nama ya kama ƙafarsa, masu magani suka ce babu makawa sai an yanke. Ya ƙi shan abin da zai gusar masa da hankali, aka yanke yana ambaton Allah. A cikin wannan tafiya ɗin kuma dabba ta harbi ɗansa Muhammadu a bargar Halifa ya rasu. Da ya komo Madina, an ruwaito cewa gode wa Allah ya yi, yana lissafin gaɓoɓi uku da aka bar masa da 'ya'yan da suka saura. Galibi a nan masu wa'azi kan tsaya, su yi bayanin haƙurinsa. Amma akwai ragowar labarin. An ce wani daga cikin masu yi masa jaje ya gaya masa cewa su dai ba domin kokawa ko tsere suke ajiye da shi ba, abin da suke bukata a wurinsa, watau iliminsa da basirarsa, Allah ya bar musu. Urwatu kuwa ya ce babu wanda ya yi masa jaje irin wannan. Ya ci gaba da karantarwa a Madina har ƙarshen ransa, manyan malamai irin su Zuhuri suna ɗaukar ilimi daga gare shi.

Abin da ya sa jajen nan ya fi sauran shi ne, mai yinsa ya zo ne da bukata. Ya nuna wa Urwatu cewa wurin zamansa a cikin jama'a yana nan, ana jiransa.

IRIN JAJEN DA BIRAZIL TA YI WA LARS

Labarin hatsarin ya girgiza Birazil, jaridu da gidajen rediyo da na talabijin suka yi ta bin halin da yake ciki. Amma abin da ya biyo bayan juyayin shi ne abin lura. Gwamnatin Shugaba Fernando Henrique Cardoso ta kira shi aiki a sashen kula da wasanni, har cikin 2001 aka naɗa shi Babban Sakataren Wasanni na ƙasa, ya riƙe zuwa 2002. Daga 2003 zuwa 2006 kuma ya riƙe sakataren matasa da wasanni na jihar Sao Paulo, wadda ta fi kowace jiha ta ƙasar yawan jama'a. Waɗannan kujeru ne masu kasafin kuɗi da ma'aikata da masu suka, wanda ya hau su kuwa ana tuhumarsa kamar kowa in aiki ya lalace. Mutumin da ya shekara goma sha yana fama da ƙarancin guzuri da kayan aiki a matsayin ɗan wasa ya san inda ke yi wa 'yan wasa ƙaiƙayi, wannan sanin kuwa farfela ba ta taɓa shi ba.

Sai maganar komawa ruwa. Tornado dai ya fi ƙarfin mai ƙafa ɗaya a wurin gasa, saboda tsallake-tsallaken da aka ambata. Sai ya koma wani irin jirgi da ake kira Star, wanda wansa Torben ya ci zinariyarsa da shi. Shi Star tsohon jirgi ne, an fara ƙera shi a Amurka wajen 1911, tsawonsa ya kusa ƙafa 23, jikinsa guda ɗaya ne, kuma a gindinsa akwai ƙarfe mai nauyin wajen kilo 400 wanda ke hana shi kifewa. Matuƙi yana zaune ne a bakin jirgi, abokinsa kuwa, wanda akan zaɓi ƙaƙƙarfa mai nauyi, shi ke lanƙwasawa waje ya danne gefen. Duk da haka kowane juyi sai matuƙi ya sunkuya ƙarƙashin sandar ƙyalle ya koma ɗaya gefen, abin da Lars ya koyi yi da ƙarfin hannuwa da ƙafar da ta saura.

Akwai gasa ta musamman da akan shirya wa naƙasassu, kuma abu ne mai kyau. Amma Lars cikin masu ƙafa biyu ya shiga, su kuwa suka karɓe shi abokin hamayya sosai, ba wanda ya sassauta masa igiya don tausayi. Wannan ma girmamawa ce. Bai sake zuwa Olamfik yana ɗan tsere ba, domin kowace ƙasa jirgi ɗaya take turawa a kowane aji, kuma cikin 2008 da 2012 Robert Scheidt da Bruno Prada ne suka wakilci Birazil a Star. Amma cikin 2009, a gasar duniya da aka yi a ƙasar Suwidin, Lars ya zo na uku. Daga baya kuma 'yan ƙungiyar Star ta duniya suka zaɓe shi ya shugabance su.

MAKARANTAR BAKIN TEKU

A cikin shekarar nan ta 1998 da hatsarin ya auku, Lars da Torben da abokinsu Marcelo Ferreira suka buɗe wata makaranta a bakin tekun Charitas a Niteroi, wadda ake kira Projeto Grael. Tseren jirgin iska wasan masu hali ne, domin jirgi da tsada, shiga kulob ma da tsada. 'Ya'yan talakawan Niteroi suna tashi suna kallon teku a ƙofar gidansu, ba su da hanyar hawanta. Makarantar ta ɗauki yaran makarantun gwamnati kyauta, tana koya musu iyo da tuƙi. Daga baya ta koma unguwar masunta ta Jurujuba, aka ƙara koyar da sana'o'in da suka shafi jirage, kamar kafinta, da gyaran inji, da aikin lantarki, da gyaran jikin jirgi, domin wanda bai zama ɗan tsere ba ya fita da abin neman tuwo.

Cikin yaran da suka koyi tuƙi a wannan makaranta akwai wani mai suna Samuel Goncalves. Ya girma, ya ƙware, ya yi ƙarfi, har ya zama shi ne abokin tuƙin Lars a jirgin Star. Cikin 2015 aka yi gasar duniya ta Star a Buenos Aires, babban birnin Ajantina, a bisa faffaɗan kogin nan da ake kira Rio de la Plata. Lars yana da shekara 51, yana riƙe da akala, Samuel yana rataye a gefe yana danne masa jirgi. Suka zo na ɗaya.

Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Sa'ad da aka buɗe makarantar nan babu wanda ya san cewa a cikinta ne za a yi rainon wanda zai zame wa mai ita madogara bayan shekaru. Lars ya koya wa ɗan talaka sana'a, ɗan talaka ya ara masa ƙarfin jikin da ya rasa, kowannensu ya sami a wurin ɗan'uwansa abin da ba zai samu shi kaɗai ba.

ABIN DA YA RAGE GA MAI KARATU

Gaskiya ne Lars ɗan babban gida ne, sunansa sananne, 'yan'uwansa masu faɗa a ji, kuma an kai shi asibitin da ba kowa ke iya zuwa ba. Masunci ko ɗan dako da irin wannan tsautsayi ya faɗa wa ba shi da Shugaban Ƙasa da zai kira shi aiki. Amma abin da aka yi wa Lars, in an cire girman kujera, abu ne da ke cikin ikon kowane mai rumfa da kowane mai zaure. An duba abin da ya saura gare shi, aka ba shi aikin da ya dace da wannan, aka kuma nemi ya cika shi.

Direban da ya rasa ƙafa bai manta hanya ba, bai manta farashin kaya a tashoshi ba; yana iya zama a kan lissafin lodi. Ɗan kasuwar da ya gurgunce yana iya riƙe littafin bashi, ya tsare sikeli, ya yi ciniki a zaune, ciniki kuwa da baki da amana ake yinsa. Almajirin da ya naƙasa bayan ya sauke yana iya biya wa ƙanana allo. Sadakar da aka miƙa wa irin waɗannan tana da lada, amma takan ƙare da yamma, gobe kuma su wayi gari suna jiran wata. Malamai sun fi kowa sanin cewa Abdullahi ɗan Ummu Maktum, Allah ya yarda da shi, makaho ne, duk da haka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa shi kiran salla, ya kuma sha barinsa wakili a Madina yana ba mutane salla in an fita yaƙi.

Zumunta a ƙafa take, in ji masu iya magana. Wanda ya rasa tasa ƙafar, nauyin tafiyar ya koma kan masu biyu, su je wurinsa bayan kwanakin dubiya sun wuce, kuma su je da aiki a hannunsu.

Allah ya kiyashe da matafiya na ruwa da na tudu daga mummunan tsautsayi, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, amin. Wassalamu.